Taku Arba'in na Liman Sambo

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ina jin jikan Hassi ne, yana cewa wai tausa ba sana'a ba ce, duk wanda ya samu man shanu da hannu biyu ya zama gwani. Ban ga laifinsa ba, don ni ma da bakin nan nawa na taɓa faɗin haka, kuma wannan rainin ya ja min mari. To ku matso ku ji. Shekara hamsin da wani abu ina murza jikin mutane a garin nan na Sakkwato, kuma in gaya muku gaskiya, rabin abin da na ga yana aiki ban san abin da ya sa yake aiki ba. Duk wanda ya ce muku ya gane jikin ɗan Adam, ku tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gaban mutumin da ƙafarsa ke da ƙarfi lafiya lau amma ta ƙi ɗaguwa daga ƙasa.

Aikin farko da Kawu Ɗanjumma ya sa ni, shekarar da Nasara suka shigo gari, ba taɓa mutum ba ne. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, maɗori a Ƙofar Taramniya, amma ɗori rabin aikinsa ne kawai. Sauran rabin shi ne abin da ke biyo baya: hannun da ya warke ya ƙi miƙewa, ƙafar da ta manta tafiya, mutumin da ya kwanta lafiya ya tashi ɓarin jikinsa ya shanye. Na zo da zumuɗi, sai ya tura ni wurin majema in riƙa murza fatar akuya har wata uku. Da na yi ƙorafi ya ce, "Hwatar akuya ba ta kuka. In ka iya da ita ba ka kece ba, sannan mu gwada ka ga mutum." Ran da ya fara ba ni mutum kuwa, wani tsoho ne mai shanyayyen hannu. Na ce a raina wannan ai ba ya jin zafi, na kama na ja da ƙarfina, kafaɗar ta goce daga mazauninta, tsohon bai ko motsa ba. Kawu ya mayar da ita, ya sallami tsohon da girmamawa, sannan ya juyo ya wanke ni da marin da na gaya muku. Ya ce hannun da ya mutu ba ya cewa wayyo, ni ne zan ce masa.

Akwai wani marini daga Ƙofar Dundaye da aka kawo mana a kan jaki, ɓarin hagunsa duk ya tafi, baki ya karkace. A kansa na koyi kayan aikin gaba ɗaya. Da safe a gasa rairayin gulbi a kasko, a ƙulle a tsumma, a dumama gaɓoɓi. Sannan mai: man shanu ga kowa, man kaɗe ga mai kaushin jiki, man jimina ga wanda iyalinsa ke son a ce sun yi ƙoƙari, ko da yake ni ban taɓa ganin ya fi sauran ba. Bayan tausa sai ainihin wahalar. Igiya ce a ɗaure a azara, ya kama da hannu mai lafiya ya ja kansa zaune. Ƙwallon goruba a tafin hannun da ya mutu, ya yi ta ƙoƙarin damƙewa. Faifai cike da wake da tsakuwa, ya tsince ɗaya bayan ɗaya. Tabarya biyu a kan gwafanni, ya shiga tsakaninsu ya dafa ya ja ƙafa. Wata bakwai muka yi da marinin nan kafin ya koma bakin karofi, yana ɗingishi amma da ƙafarsa.

Sai dai mutanenmu ba su son wannan. Sun fi son a ba su abu mai ɗaci su sha su kwanta, gari ya waye su ga sun warke. Ka ce wa mutum ya tsinci wake, sai ya ga ka raina shi. Don haka Kawu yana da wani jiƙo na saiwa, ɗaci kamar maɗaci, wanda ba ya cutarwa ba ya kuma ƙara komai. Yakan ba mutum ya ce, "Maganin ga ba shi sauka ga jijiya sai an ja igiya sau talatin." Sai ka ga dattijo yana jan igiya har da gumi. In ya warke, jiƙon ake yaba wa, mu kuwa ko oho.

Shekarar yunwa ce ta karya mu. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya ɓace a kasuwa, man shanun da za a shafa wa ƙafa sai a ga gara a lashe shi. Da ruwan ɗumi da tafin hannu muka riƙa aiki, kuma yawancin waɗanda ake kawowa ba ciwo ne ya hana su tafiya ba, babu naman da za a murza ne. Ya za ka ce wa wanda bai ci komai ba kwana biyu ya ja igiya? A ƙarshen shekarar Kawu ya rasu, ya bar min igiya da kasko da tabarya biyu, da ilimin da bai kai rabi ba. Na yi kuka don ina son sa, na kuma yi kuka don tsoro, domin daga ranar ba ni da wanda zan juya in tambaya.

Da damina ta dawo mutane suka ɗan farfaɗo, sai aka aiko kirana gidan Malam Sambo, limamin wani ƙaramin masallaci a Ƙofar Dundaye. Shekara talatin yana jan salla a wurin. Na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi, na dube shi, na rasa inda zan sa ciwonsa. Ba shanyewa ba ce. Hannunsa na dama yana rawa in yana zaune, yatsu na motsi kamar mai jan tasbaha, amma da ya miƙa shi ya ɗauki buta sai rawar ta tsaya cak. Muryarsa ta yi ƙasa, sai ka matso kake ji. Fuskarsa ta daskare, ba ka gane ko ya ji daɗi ko ransa ya ɓaci. Babbar matsalar kuwa tafiya ce. Zai tashi, ya yi 'yan ƙananan taku uku ko huɗu, sai ƙafafun su manne da ƙasa kamar an kafe shi, jiki na son gaba, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Babban ɗansa Abdu ne ya yi min bayani a waje. Na'ibi, wani Malam Isa, shi ke jan salla tun da abin ya tsananta. Dattawan unguwa sun zauna sun ce ba za a bar masallaci a haka ba: in watan azumi ya kama Malam bai iya zuwa da kansa ya tsaya gaban mutane ba, za a tabbatar wa Malam Isa limanci. Saura wata biyar. Daga bakin zaure zuwa ƙofar masallaci na auna da ƙafata, taku arba'in ne. Abdu kuma ya riga ya yanke hukunci a kan tushen ciwon. Ya ce wani mai baƙin ciki ne ya ajiye abu a bakin ƙofa Malam ya ƙetare. Har sun haƙe zauren ba su samu komai ba, suka sake daɓe shi sumul. Saboda ladabi kuma ba a barin Malam ya ɗaga ko tsinke. Mutum biyu ke ɗaukarsa su kai shi duk inda zai je.

Wata biyu na yi ina zuba duk abin da na sani, ban ga ko alama ba. Na hana a ɗauke shi, aka yi ta harara ta. Na gasa, na murza, na sa shi jan igiya, har ruku'u da sujada muka riƙa maimaitawa yana dafa tabarya yana tashi, kuma wannan ya samu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in yana kwance na ce ya tura tafina da ƙafarsa, sai ya kusa haɗa ni da bango. Ƙarfi yana nan. Gwiwa lafiya, idon sawu lafiya. To me ya hana? Na ba shi jiƙon Kawu, ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Haliru, wanga na waɗanda ba su son aiki na. Ni ina so." Kunya ta kama ni, ban sake kawo shi ba. Har bariki na je na samu wani mutumin garinmu da ke wanke wa likitan Nasara miki, na roƙe shi ya tambayar min. Ya dawo ya ce likita ya ce sun san ciwon a ƙasarsu, kuma su ma ba su da maganinsa. Na dawo gida a ƙafa ina jin kamar in tattara kayana in koma wurin majema.

Wata rana da hantsi Malam ya kafe a tsakiyar zaure, ina riƙe da gwiwar hannunsa, ina ta "Bismilla, Malam, ɗaga ta dama," ba abin da ya motsa. Sai tabaryar da na jingina a bango ta zame ta faɗi gicciye a gaban ƙafafunsa. Na sunkuya da sauri zan ɗauke kada ta kayar da shi. Kafin hannuna ya kai, sai na ga ƙafar dama ta tashi sama, ta ƙetare tabaryar da taku mai faɗi irin na saurayi, ta hagu ta biyo. Sannan ya sake kafewa. Muka tsaya muna kallon juna.

"Haliru, mi yah hwaru?"

"Wallahi Malam ban sani ba."

"To sake aza ta."

Na sake ajiye ta a gabansa, ya sake ƙetarewa. Sau goma muka yi, sau goma ya wuce. In na ɗauke, ƙasa ta zama fili sumul, sai ya tsaya. Ku da kuke da boko yanzu, in akwai wanda zai warware min wannan ina saurare. Abin da ke tare wa kowa hanya shi ke buɗe masa ita. Washegari na zo da damin karan dawa, na yayyanka kamu ɗaya ɗaya, na jera su gicciye a zaure, taku ɗaya tsakanin kowane biyu. Malam ya bi su daga wannan bango zuwa wancan ba tare da na taɓa shi ba. Na gwada zana layi a ƙasa da yatsa, wata rana ya yi, wata rana ya ƙi, ban san dalili ba. Kara dai bai taɓa ba mu kunya ba, haka ma bakin tabarma in ta yi kauri.

Na ɗauka gidan za su yi murna. Ina! Abdu ya tare ni a ƙofa, ido jajur, ya ce, "Ƙetaren abu na yak kada shi, kai kuma ka zaka kana jera mai abin ƙetarewa. Wa ya aiko ka?" Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a unguwa cewa Malam Isa ne ya sa ni, alhali ni da bawan Allahn nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Abin da ya fi ci min rai, ba ni da amsar da zan ba su. Da na san yadda karan ke aiki da na yi bayani, amma mutumin da ya ce "ni ma ban sani ba" ai ya ƙara wa zargi ƙarfi ne. Malam ne kawai ya ce da 'yar muryarsa, "Ku bar shi shi yi aikinai." Da wannan muka fita waje. In rana ta ɗaga, hanya ta yi shiru, sai in jera kara arba'in daga zaure zuwa masallaci. Masu wucewa su raɓe ta jikin bango suna addu'a, mata su janye 'ya'yansu. Sau uku Malam ya kai har ƙofar masallaci ya dawo, a ciki kuma bakin tabarmi ya ishe shi.

Ranar ƙarshe ta Sha'aban dattawan suka sa don a gwada Malam, sallar la'asar. Bayan azahar na jera karana, na ƙidaya su sau biyu, na ruga gida na yi wanka na sa babbar rigata guda ɗaya tak da nake zuwa Idi da ita. Na dawo hannu rabbana. Tun daga nesa na hango hayaƙi a gindin bango. An share hanyar tas, an yayyafa mata ruwa, an tara karan an cinna musu wuta. Mutanen unguwa sun yi layi hagu da dama. Ga Malam cikin farin rawani, ya yi taku uku daga bakin zaure ya kafe, hannun nan na ta rawa a gaban kowa.

Abdu na tsaye kusa da shi. Da ya gan ni ya ce, "Yau da ƙahwatai za shi tahi, ba da tsahi ba. Ba a aza komi ga hanyag ga." Wani dattijo ya miƙo min sandarsa, Abdu ya sa hannu ya tare. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na dubi fuskarsa na ga hawaye, sai tausayinsa ya kama ni. Ba mugunta ba ce. Yana ganin yana tsare ubansa ne daga abin da ya kayar da shi. Ladan ya leƙo daga masallaci ya koma, ya sake leƙowa. Na dubi ƙasa, ko tsinke babu. Na dubi Malam, fuskar nan ba ta gaya min komai ba, sai gumi da ke bin gemunsa.

Ban san lokacin da na zauna ba. Na dai tsinci kaina zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa da rigar Idi, na miƙe ƙafata ta dama gicciye a gabansa. Kun san dai a wurinmu wanda aka ƙetare shi ake ji wa tsoro, ba wanda ya ƙetare ba, kuma ba wanda zai ce mutum ya binne sammu a ƙaurinsa.

Malam ya dube ni daga sama ya ce, "Haliru, ba a ƙetare mutum."

"Na yahe, Malam. Ƙetara."

Na ɗauka ya ƙi. Sai ƙafar ta tashi. Ya wuce, ya ƙara taku ɗaya da kansa, ya tsaya. Na ja gindi na sha gabansa na sake miƙewa. Haka muka yi ta yi, ba mai tari a cikin jama'a, sai ƙarar rigata tana jan laka. Wajen karo na goma numfashina ya fara ƙarewa, na juya zan ja jiki, sai na ga wata ƙafa an riga an miƙe ta a gaba. Abdu ne, zaune a ƙasa, ya kau da kai bai dube ni ba. Daga nan muka riƙa karɓa-karɓa, ni ɗaya shi ɗaya, har bakin ƙofa.

Malam ya shiga, ya bi bakin tabarmi har gaba, ya tsaya a wurin da ya shekara talatin yana tsayawa. Ladan ya ta da iƙama. Ni ina daga ƙofa, laka har wuya, farin ciki ya cika ni, ina cewa a raina yau da Kawu na da rai da ya ce na iya. Sai na ga Malam yana juyowa. Juyawa na ba shi wuya, da 'yan ƙananan taku ya yi ta, kowa na jira. Ya miƙa hannu ya kama hannun rigar Malam Isa a sahun farko ya jawo shi gaba. Malam Isa ya ja baya, ya ce subhanallahi, ya sake ja baya. Malam ya ce, "Shiga, Isa. Muryata ba ta kai sahun baya, ga azumi ya zaka." Sannan ya shiga gurbin da Malam Isa ya bari, ya daidaita kafaɗarsa da ta mutane. Sallar nan na yi ta, amma kada ku tambaye ni raka'a nawa na yi.

Da aka sallame mutane suka watse, kowa na magana ƙasa-ƙasa, na je na zauna gabansa. Ban ɓoye fushina ba. Na ce, "Malam, wata biyar. An zage ni, an kira ni mai sammu. In ka san bari za ka yi, don mi munka sha wahalar ga?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke rawa a kan cinya. Sannan ya ce, "Da sun karɓi limanci ina kwance, da ciwo na yac ci shi. Amana ta, Haliru. Na so in kawo ta da ƙahwata in miƙa."

Har yau da nake ba ku labarin nan ban san ko in sa aikin cikin waɗanda na ci ba ko cikin waɗanda suka ci ni. Na tattara rigata na ce, "To ke nan aikina ya ƙare."

"Wa yag gaya maka? Gobe ka zaka da hantsi, ka taho da kara. Mamu ma da ƙahwa shika zuwa masallaci."

Na zo. Shekara biyu ina jera masa kara sau uku a yini, azahar da la'asar da magariba, Abdu na biye da mu yana kwashewa yana ɗaurewa, don kada awaki su cinye kafin gobe.